Ƙafar Aro

"Na ce a'a, Zipporah. Ko da Turanci kike so in faɗa miki?"

Tana tsaye a bakin ƙofarmu da rigar aikinta, hannu a ƙugu. 'Yar Jos ce, ta ba hamsin baya. Ita kamfanin jinya ke turowa ta duba maƙwabcina Hoyt tun da aka yanke masa ƙafa. Bakinta ba ya gajiya.

"Baba, ba rawa na ce ka yi ba. Ƙafa kawai za ka ara masa."

"Ki ara masa taki."

"Na gwada. Ya ce ina takawa kamar mai kashe kyankyaso."

"To a nemo masa Bature ɗan'uwansa."

"Waɗanda ya sani sun mutu, sauran suna gidan tsofaffi. Ranar Lahadi ɗansa zai zo daga Charlotte ya kai shi hospice. Ka san hospice, Baba?"

Na sani. Inda ake kai mutum in likita ya ce aikinsa ya ƙare. Na rufe ƙofa a hankali, don ban taɓa buga wa mace ƙofa ba. Ranar Talata ce.

Sunana Zabeirou. A Tasawa aka haife ni, ƙasar Nijar. Masaƙi ne ni, haka ubana, haka kakana. A gidanmu ba a kiɗa. Makaɗi in ya zo ƙofa a ba shi abin da ya sawwaƙa ya yi gaba, ba a zama tabarma ɗaya da shi. 'Yata Ramlatou ce ta kawo ni Greensboro bayan rasuwar uwarta, a dubu biyu da ɗaya.

Duk 'yan Nijar na garin nan sun san ni da abu guda. Ranar bikin Yasmina, 'yar Kader mai tuƙa babbar mota, aka kunna kiɗa a zauren da suka kama haya. Na tashi, na ɗauki sandata, na fita. Dattawa suka biyo ni. Tun daga ranar ba a yin suna ko ɗaurin aure sai an ce, "Alhaji Zabeirou ya yi mana addu'a." Ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Ba ni da mota, ba ni da gona. Abin da na mallaka a ƙasar nan ke nan: in na shiga wuri, samari su rage murya.

Sai Allah ya haɗa ni bango ɗaya da makaɗi.

Gidanmu irin mai ƙofa biyu ne, a bayan High Point Road. Mu a dama, Hoyt Shoffner a hagu. Dogon tsoho ne, siriri, kunnuwansa manya. Matarsa Lorene ta rasu kafin zuwanmu. Sunana ya gagare shi tun ranar farko, sai ya yanke shi ya ce Zeb. Na gyara masa har na gaji.

Abin kiɗansa ba molo ba ne, ba goge ba. Tebur ne mai ƙafa huɗu, an shimfiɗa wayoyi a kansa kamar zaren saƙa. Zama ake yi a bayansa. Hannun dama na tsinkar wayoyin, na hagu na jan wani guntun ƙarfe mai santsi a kansu. A ƙasa akwai matakai, in ka taka sai wayar ta ƙara ɗamewa, muryar ta hau. Suna ce masa pedal steel. Ran da na fara ganinsa ta ƙofa na ɗauka masaƙar Turawa ce, har na yi murna na sami abokin sana'a. Sai ya taɓa ta, ta yi kuka. Na juya na koma gida.

Kullum bayan la'asar yake yi. Sautin na ratso bango kamar mace na kuka a nesa ba ta so a ji. Na yi wa Ramlatou magana mu tashi. Ta ce, "Baba, ka san nawa ne rent ɗin gida a unguwar Wendover?" Muka ci gaba da zama.

Amma shi ne ya riƙa kai ni Juma'a. Ramlatou na wurin aiki, bas ba ta bi ta masallaci. Ya gan ni wata rana ina tafiya a gefen titi da babbar riga, motoci na wucewa kamar za su kwashe ni. Ya tsaya da tsohuwar akori-kurarsa ya ce, "Shiga, Zeb." Daga nan kowace Juma'a. Yakan jira a waje, hula a fuska, har a idar. A motar ba ya kunna rediyo. Ban roƙe shi ba, shi ya gane. Shekarar da ƙanƙara ta karya itatuwa wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, shi ya kawo mana abin ɗumama ɗaki mai kananzir, shi kuma ya kwana cikin riguna.

A motar muke hira, da guntun Turancina da hannu. Ya ce tun yana saurayi yake bin mawaƙa a Nashville, shekara talatin a cikin bas, gari zuwa gari. Su suke gaba da riguna masu walƙiya, shi yana zaune a baya. Ya nuna mini wani hoto a walat ɗinsa. Na duba ban gan shi ba.

"Kai kana ina?"

Ya ɗora yatsa a gefen hoton. "Ga gwiwata nan."

Ban taɓa ce masa kiɗansa na da daɗi ba. Bai taɓa tambayata ba.

A farkon dubu biyu da shida ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, aka yanke ta sama da gwiwa. Ita ce mai taka matakan. Bayan nan ƙoda ta tsaya, zuciya ta bi. Bango ya yi shiru wata da watanni. Kader ya karɓi kai ni Juma'a, don hanyarsa ce, kuma yana da kirki duk da abin da ke tsakaninmu.

Ranar Talatar da na kori Zipporah, bayan la'asar, sai na ji shi. Waƙa ce mai tafiya a hankali. Ta taso, ta taso, ta iso wani wuri inda ya kamata ta ɗaga, sai ta tsaya cak. Shiru. Ya sake daga farko. Ta iso wurin, ta tsaya. Haka har magariba. Na yi lazimi ban san me na karanta ba.

Laraba ya sake. Ni masaƙi ne. In na ga zane da rami a tsakiya, ba ruwana da na wane ne, idona ba ya barinsa. Na jure har na kasa. Na ɗauki sanda na fita, na tura ƙofarsa.

Yana zaune a bayan teburin, roba a hanci tana ba shi iska. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Zipporah na wanke kwano.

"Ki gaya masa na zo ne don in samu barcin rana. Ya ƙarasa abin nan ya bar mutane su huta."

"Haka zan faɗa masa, Baba?"

"Haka."

Ta faɗa. Hoyt ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya nuna gefensa na hagu, inda ƙafar ba ta nan. Zipporah ta kawo kujerar kicin ta manna da tasa. Na cire takalmi, don masaƙi ba ya taka aiki da takalmi. Na zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, na miƙa ƙafata ta dama ƙarƙashin teburin. Ƙarfen na da sanyi.

"Biyu kawai nake buƙata," in ji shi. "Wannan A, wannan B."

"Ni ban san A ba. Wannan ɗaya, wannan biyu."

Ya maimaita. Na koya masa "duka", na koya masa "saki". Shekara biyar muna tare bai iya sunana ba, waɗannan kuwa nan take ya riƙe.

Ya fara. "Biyu." Na taka. Muryar ta yi tsalle kamar an tsunkule ta.

"Haba, Zeb! A hankali."

"Ya ce a hankali, Baba."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi. Shekara arba'in ina taka matakan masaƙa. Amma ƙafar masaƙi ba ta san a hankali ba. Takawa take yi sarai, ta ɗaga sarai, zare ya buɗe, ƙoshiya ta wuce. Nan kuwa so ake ka riƙe biyu da gefen ƙafa, ka karkata idon sawu, ka sauko kan ɗaya kaɗan kaɗan, kamar mai kwantar da jaririn da barci ya ɗauka. Na kasa. Muka yi ta yi har numfashinsa ya ƙare.

"Ni da kai duk ɗaya, Baba," in ji Zipporah. "Kai ma kyankyason kake kashewa."

"Ke da wanke-wankenki."

Na sa takalmi. A bakin ƙofa na ce mata, "Wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan."

"Wa zan gaya wa? Fastonmu?"

Alhamis na koma. Ya ce waƙar tasa ce, ya yi wa Lorene shekarar da suka yi aure. Babu mawaƙin da ya taɓa ɗora mata baki. Ba ya son a ɗauka a kaset, ba ya son kowa ya zo. So yake ya kai ƙarshenta sau ɗaya, shi ke nan.

Matsalar, kafin ya ce "ɗaya" in ji in taka, wurin ya wuce. Kullum ina baya. Can sai na lura da wani abu. Dungun ƙafarsa na jingine da cinyata, cikin wandon da aka naɗe da fil. Yana motsi. Kafin bakinsa ya buɗe, dungun ya riga ya karkata, yana taka abin da ba zai kai ba. Ƙafar ta tafi amma ba ta manta aikinta ba.

"Ki ce masa ya rufe bakinsa."

"Baba!"

"Ki ce ya daina ƙirga. Ya yi kiɗansa kawai."

Na bi dungun. In ya matsa, in matsa. In ya sassauta, in sassauta. Muka iso wurin ramin, muka kusa haye shi, sai hannunsa ya yi rawa, ƙarfen ya zame ya faɗi ƙasa. Ya jingina baya, leɓensa ya yi shuɗi.

"Gobe da safe," in ji Zipporah. "Da safe ya fi ƙarfi."

Gobe Juma'a ce. Na lissafa, Kader ba ya zuwa sai ƙarfe ɗaya. Na yi wanka, na sa farar babbar rigata da hula, na shiga wurin Hoyt da hantsi. Sai da Zipporah ta gama ba shi magani, ta gyara masa zama, rana ta yi sama. Zafi ake yi, ƙofar katako a buɗe take, ta raga kawai aka rufe.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ka fi duk waɗanda na yi wa aiki ado, Zeb."

Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na tattare gindinta a cinya. Ya fara.

Ranar hannunsa bai yi rawa ba. Waƙar ta taso. Na rufe bakina na bi dungun. Muka iso wurin. Na riƙe biyu, na karkata, na fara sauka kan ɗaya a hankali, muryar ta fara hawa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

Sai haske ya ragu a ƙofa. Na ɗaga kai. Kader ne a bayan raga, da makullin mota a hannu. Ya zo da wuri, ya buga mana ƙofa bai same ni ba. Bakinsa a buɗe. Idonsa na kan ƙafata.

Hoyt bai gan shi ba. Kansa na ƙasa, idonsa a rufe. In na ɗaga ƙafa, muryar za ta faɗi, kuma na san ba shi da ƙarfin sake wani. In na bar ta, kafin a tayar da salla duk masallaci ya ji.

Na dubi Kader ido cikin ido. Na ƙarasa takawa.

Muryar ta kai inda za ta, ta tsaya can tana rawa. Ashe bayan wurin akwai sauran tafiya mai tsawo, ban taɓa jin ta ba. Muka bi ta tare har ƙarshe. Da ya ɗaga hannu, sautin ya daɗe bai mutu ba. Zipporah na tsaye da tsumma a baki.

"Saki," in ji Hoyt, da ƙaramar murya.

Na saki. Ya ɗora hannunsa a gwiwata, ya bar shi nan.

A mota, da muka hau babban titi, Kader ya fara magana.

"Alhaji, ni fa na ɗauka idona ne."

"Tuƙa motarka."

"Ranar bikin Yasmina uwarta kwana ta yi tana kuka. An ce mun yi abin kunya, dattawa sun fita."

"Na ji labari."

"To yau me za ka ce?"

"Abin da na ce ran nan, shi zan ce yau."

"Ƙafar fa?"

"Maƙwabci ya ara. Ya maido."

Ya yi wata irin dariya ta hanci. Ban roƙe shi ya rufa mini asiri ba. Ban saba roƙo ba.

Da aka idar, ina neman takalmina, wani saurayi ya ce, "Alhaji, ga su nan. A kula da ƙafar nan, tana da tsada." Suka fashe da dariya. Ba wanda ya rage murya. Washegari aka yi suna a gidan wani ɗan Nijar, Mourtala. Da lokacin addu'a ya yi, mai gida ya dube ni, ya kau da kai, ya kira wani. Na zauna inda nake. Na ce amin da ƙarfi. Na ci shinkafata na tafi.

Da dare Ramlatou ta ce, "Baba, wai gaskiya ne? An kira ni har wurin aiki."

"Gaskiya ne."

Ta daɗe tana kallona. "Da ka bari na gani."

Lahadi ɗansa ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya girma har ya yi furfura. Muka ɗaga Hoyt tare muka sa shi a mota, ba shi da nauyi. Guntun ƙarfen na cikin aljihun rigarsa, ya ja aljihun ƙasa. Hoyt ya sauke gilashi.

"Zeb, da mun haɗu tun da wuri, da na kai ka Nashville."

"Da ban je ba."

"Na sani," in ji shi. Yana murmushi motar ta tashi.

Sati bai cika biyu ba Zipporah ta buga mana ƙofa da safe, ba da rigar aiki ba. Ta ce, "Baba, abokinka ya tafi." Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ce ta shigo ta sha shayi. Ta shigo.

Ita ta kai ni maƙabarta. Mutanen ba su da yawa. Fasto ya yi magana, aka yi waƙa, sai na ga kowa ya nufi motarsa, akwatin kuwa na nan a saman rami.

"Ina za su? Ba a rufe shi ba."

"Haka suke yi a nan, Baba. Ma'aikata za su rufe."

"Ki jira ni."

Na tsaya a rana har ma'aikatan suka sauke shi. Kafin su kawo injinsu na duƙa na zuba ƙasa da hannuna. Jar ƙasa ce, mai danƙo. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini shebur, na karɓa. Ban tafi ba sai da wurin ya daidaita.

Juma'ar da ta biyo Kader ya zo a kan lokaci. Na shiga, muka gaisa. Muna hawa High Point Road ya miƙa hannu ya kunna rediyo, ya murɗa har ya sami tashar waƙoƙin Turawan ƙauye. Ya dube ni ta gefen ido.

"Na ce bari in sa wa Alhaji nasa. Ko a ƙaro murya?"

Wani mutum na waƙa ta hanci. Da ya yi shiru, sai teburin nan ya shigo a bayansa. Na saurara.

"Wannan yaro ne," na ce.

"Wa?"

"Mai takawar. Yana da hannu, amma gaggawa ta yi masa yawa. Ji nan. Ya saki tun muryar ba ta zauna ba. Hoyt ba ya yin haka."

Dariyar da Kader ya shirya ba ta fito ba. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi ya ƙarasa."

Danja ta tsayar da mu a gaban shagon 'yan Afirka. Wata mata ta fito da buhun shinkafa a kafaɗa, ta tsallaka. Muryar ta sake tasowa, wannan karon a hankali, ta hau ta tsaya. Danja ta ba da hannu. Kader na riƙe da sitiyari da hannu biyu, kansa a karkace wajen rediyon, bai motsa ba. Na bayanmu ya yi ta oda.